Tartsatsi da Albarushi: Dalilin Daɗewar Bindigar Ƙanƙara

Marubuta tarihin makamai sukan jera hanyoyin kunna albarushi a bindigar da ake ɗurawa ta baki kamar matakala: igiya, sai ƙanƙara, sai hular tagulla, kowace ta kori wadda ta gabace ta. Wannan jeri ya sauƙaƙa al'amarin fiye da kima. Abin da maƙalar nan ke son tabbatarwa shi ne, samuwar kayan aiki da hukuncin doka sun fi ingancin fasaha tasiri wajen zaɓen hanyar kunnawa.

Hanyar farko, wadda ta bazu a Turai a ƙarni na 15, igiya ce mai cin wuta a hankali. Tana da araha, amma ruwan sama na kashe ta, da dare kuma haskenta na tona asirin mai ita. Wajen shekarar 1500 aka ƙago wata mai gargaren ƙarfe da ke gogar dutse ya yi tartsatsi. Ta fi igiya, sai dai tsada da wuyar gyara sun hana ta zama makamin gama-garin soja.

Bindigar ƙanƙara, wadda ake danganta kammaluwarta ga Marin le Bourgeoys na Faransa wajen 1610, ƙyastu ce aka ɗora wa bindiga. Idan aka ja kunama, ƙanƙarar da ke maƙale a muƙamuƙin ƙarfe sai ta kafta wa farantin ƙarfe sara, murfin ɗan kasko ya buɗe, tartsatsi ya zuba kan albarushin da ke ciki, wutar ta bi ta ƙaramar kafa ta cim ma na cikin bututu. Aibinta biyu ne: laima na hana ta tashi, kuma walƙiyar kaskon takan firgita tsuntsu kafin harbin ya fita. Wannan ne ya dami Alexander Forsyth, wani limamin coci ɗan Sikotland mai son farauta, har ya yi rajistar kunnawa da sinadarin da ke tashi da bugu a 1807. Daga nan aka samu hular tagulla wajen 1820.

Hular ta fi ƙanƙara aminci, babu ja. To amma sai masana'anta ke yin ta, wanda tasa ta ƙare kuwa bindigarsa ta zama sanda. Ƙanƙara ana iya feƙe ta a ci gaba da aiki, maƙerin gari kuma na iya gyara sauran. Sannan yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a yanki mai faɗi na Afirka, amma ta bar bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa masu fasa ƙanƙara na garin Brandon a Ingila suka ci gaba da aiko da hajarsu Afirka har cikin ƙarni na 20, bayan sojojin Turai sun daɗe da yin watsi da ita.

Ana iya cewa wannan jinkiri ne kawai, sabon abu kan yi nasara daga baya. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Zirin takarda mai ɗigon sinadari da Edward Maynard ya ƙago a 1845 ya shiga bindigar sojan Amurka ta 1855, amma ta 1861 ta koma ga hula saboda laima na lalata shi. A yau maharban Amurka na da bindigar da hularta ke saitin bututu kai tsaye, wadda Tony Knight ya yayata daga 1985, har da mai kunnawa da batir. Duk da haka jihar Pensilbeniya na ware lokacin farautar barewa na musamman ga bindigar ƙanƙara.

Saboda haka, mai nazarin bindigogin maharba da na 'yan bindigar fada a ƙasar Hausa bai kamata ya kira su koma-baya ba kafin ya binciki hanyoyin fatauci da dokokin da suka kewaye su.