Wa ke da alhakin kare naƙasassu a wuraren shaƙatawa na Amurka?

A ranar 8 ga watan Yulin 2011, wani tsohon sojan Amurka mai shekaru 29 ya faɗo daga jirgin wasa mai gudu a kan dogo, a filin shaƙatawa na Darien Lake da ke jihar New York, ya kuma rasu.

Sojan ya rasa ƙafafunsa biyu ne a Iraƙi a 2008, sakamakon fashewar bam. Wani ɗan uwansa ne ya taimaka masa ya shiga jirgin, wanda ke hawa sama da mita 60 kafin ya gangaro.

Ƙa'idar jirgin ta ce dole mai hawa ya kasance da ƙafafu biyu, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera kan cinya yake sauka. Ma'aikatar ƙwadago ta jihar ta ce kuskuren masu kula da jirgin ne, ta kuma samu filin da laifin rashin horar da su yadda ya kamata. Ba a gurfanar da kowa kan aikata babban laifi ba.

Lamarin ya sake tayar da muhawara kan yadda alhaki ya rabu tsakanin masu fili, da kamfanin da ya ƙera jirgi, da kuma baƙon da kansa.

Abin da doka ta tanada

Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka, wadda aka fi sani da ADA, ta samu sa hannun Shugaba George Bush babba a 1990. Ta haramta wa wuraren da jama'a ke shiga nuna wa naƙasasshe bambanci.

Ƙa'idojin gini da aka fitar ƙarƙashinta a 2010, waɗanda suka zama tilas a watan Maris na 2012, sun shafi sabbin jiragen wasa na dindindin.

Sun ce wajibi ne a samar da hanyar da keken guragu zai bi har inda ake hawa da sauka, da sararin da zai iya juyawa.

Haka kuma dole a tanadi ɗaya daga cikin abubuwa uku: gurbin da keke zai shiga cikin jirgin, ko kujerar da mutum zai iya matsawa kanta daga kekensa, ko kuma na'urar da za ta taimaka masa ya matsa.

Aikin ma'aikata

Ma'aikacin da ke bakin jirgi shi ne mutum na ƙarshe da zai iya hana hatsari. Shi ke duba ko baƙo ya cika sharuɗɗan hawa, ya tabbatar ƙarfe ko ɗamara sun kulle, sannan ya ba da izinin tashi.

A jiragen da ba sa tsayawa yayin da ake shiga, sau da yawa akan rage gudu ko a tsayar da su har naƙasasshe ya zauna.

Sai dai manyan filaye irin na Disney ba sa barin ma'aikatansu su ɗaga baƙo daga keke. Wanda ba zai iya matsawa da kansa ba, sai ya zo da mai taimaka masa.

Nauyin da ke kan baƙo

Ana sa ran baƙo ya karanta gargaɗin da ke ƙofar shiga, ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki idan aka yi masa bayanin sharuɗɗa, ya kuma bi umarni.

Ana kuma son ya yi la'akari da fitar gaggawa, domin idan jirgi ya tsaya a tsakiyar hanya, akwai yiwuwar sai an sauko ta matakala.

Amma amincewar baƙo ba ta ɗauke wa masu fili nauyin aiwatar da ƙa'idarsu ba, kamar yadda binciken Darien Lake ya nuna.

Yaushe za a iya hana mutum?

Dokar ADA ta yarda a kafa sharuɗɗan kiyaye lafiya, muddin sun dogara da hatsari na zahiri, ba zato ko raina naƙasassu ba.

A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta saurari ƙarar wani mutum mai hannu ɗaya, da aka hana hawa jirgin wasa na ruwa a filin Volcano Bay na kamfanin Universal a jihar Florida.

Kamfanin ya ce umarnin maƙerin jirgin ya bi, kamar yadda dokar jihar ta tanada. Kotun ta ce wannan kaɗai bai isa hujja ba, ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu.

Wa ke sa ido?

Tun 1981 hukumar tarayya mai kula da ingancin kayayyaki ba ta da iko kan jiragen da aka kafa dindindin, sai waɗanda ake yawo da su gari-gari.

Saboda haka kowace jiha da nata tsarin. A Florida, manyan filayen da ke da ma'aikata fiye da 1,000 su ke duba jiragensu da kansu, ta hannun masu binciken da suka ɗauka aiki.