Duba da Auna Wahalar Noma a Tarihin Ƙasar Adar

Ƙasar Adar, wadda gundumomin Keita da Buza da wani sashe na Madawa suke cikinta a jihar Tawa ta Nijar, ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka da faƙo, wato busasshiyar ƙasa mai tauri da ruwa ba ya ratsa ta, kuma daminarta gajeriya ce, takan zo da wuri ko ta makara, takan kuma yanke hatsi na tsaka da bununi. Shi ya sa tambayar da ta fi damun Ba'adare tun zamanin kakanni ita ce ko wahalar bana za ta biya, ko ya daure ya zauna a gonarsa, ko ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani, wato neman abin kai wata ƙasa har ruwa ya sauka. Yawancin tarihin duba a wannan yanki tarihin neman amsar wannan tambaya ne.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta Azna, manoman asali masu riƙe da al'adun gargajiya. Ko da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi a 1674, kamar yadda masanin tarihi Djibo Hamani ya bayyana, mulki ne ya koma hannun baƙi, amma sha'anin ƙasa da ruwa da daji ya ci gaba da zama a hannun gidajen da suka fara saran wurin. Su ke yin buɗin daji, bikin da ke buɗe farauta da hidimomin sabuwar shekara, su ke kuma yin arwa, wato duban da ake yi wa gari baki ɗaya domin a ji yadda damina za ta kasance. Masalata da ke kusa da Birnin Ƙonni ta shahara da wannan har yau. Abin lura shi ne ba don mutum ɗaya ake yin irin wannan duba ba, domin abin da aka faɗa a fili shi ke sa magidanta su shawarta ko a buɗe rumbu ko a ƙara tsuke shi.

Da karatu ya yaɗu sai bugun ƙasa ya shigo, wanda Larabawa ke kira ilimin ramli. Mai duba yakan baza rairayi ya yi ɗige-ɗige a jere ba tare da ƙirgawa ba, sannan ya share su bibbiyu ya ga ko ɗaya ya rage ko biyu, daga nan ya fitar da siffofi 16 masu suna da ma'ana, bisa tsarin da ake jinginawa ga littafin Muhammad al-Zanati. Malaman jihadi ba su amince da wannan ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, yamma da Madawa, ya yi tir a Nurul Albab da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko taurari. Sai dai hisabin taurarin damina, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowane da kwana 13 sai Jabaha mai 14, lissafin lokaci ne tsantsa, kuma da shi tsofaffi ke gane ko shukar da ta makara tana da sauran kwanakin nuna.

Wannan damuwa ta manomi ta bayyana a Turai ma. Katin tarot, mai ɗauke da kati 78, ya fara ne a matsayin wasa a arewacin Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mayar da shi abin duba a Faransa. A bugun da ya fito a Landan a 1909, wanda Pamela Colman Smith ta zana, akwai kati na bakwai a jerin tsabar kuɗi da ke nuna manomi ya jingina da ƙotar fartanyarsa yana kallon shukarsa, masu fassara kuwa na ɗaukarsa alamar haƙuri da tsayawa a auna ko aikin da aka yi ya kai. Ba a san wannan kati a al'adar Adar ba, amma tsayuwar mutumin da ke cikinsa sananniya ce ga duk wanda ya ga manomi bayan maimai, lokacin da aikin hannu ya ƙare saura jira.

Awon gaskiya dai a kaka ake yin sa, da dami. Magidanci ya san damin da iyalinsa ke ci kafin wata kaka, kuma a ƙasar Hausa ta Nijar wanda ya noma dami dubu ya raba wa jama'a shi ke cancantar sarautar sarkin noma. A 1984 wannan lissafi ya rushe gaba ɗaya, domin ruwa ya ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, hanyar cin rani ta toshe, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari.

A wannan shekara ce aikin raya karkara na Keita ya kankama da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa, saboda maza da dama sun yi nisa, su suka fasa duwatsu suka jera su a gangare, suka haƙa ramukan tare ruwa, kuma zuwa farkon shekarun 2000 an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 34,000. Wannan haƙuri ne da ya wuce na damina ɗaya, kuma bai kamata a raina shi ba, ko da yake wasu gine-ginen sun lalace bayan tallafi ya ragu. A kwarin Majiya na Buza, layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a 1975 domin tare iska sun ɗauki kimanin shekara goma kafin a fara sare rassansu a amfana. A Illela kuwa, bayan wasu manoma sun ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, tassa ta yaɗu, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki a shuka hatsi a ciki, har faƙon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa.