Ma'ajin Zamani: Kwamishinan Kuɗi da Baitulmalin Jihar Jigawa

Sau ɗaya a kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 kan hallara, galibi a Abuja, a zaman kwamitin rabon arzikin ƙasa da aka fi sani da FAAC. Kason da aka yanka wa Jigawa a wannan zama shi ne bayan 'yan kwanaki yake zama alat a wayar ma'aikacin sakatariya, daga nan ya faɗa aljihun mai kantin da ya ba shi shinkafa bashi a Dutse tun farkon wata. Wannan maƙala tana duba mutumin da ke tsaye tsakanin zauren Abuja da wancan kanti. Hujjarta ita ce ƙarfin kwamishinan kuɗi a jiha irin Jigawa bai taru wajen nemo kuɗi ba, ya taru ne wajen tsara wanda za a fara biya da wanda zai jira.

Kujerar tana da kakanni. Kafin a yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, talakan wannan yanki ya san Ma'aji da baitulmalin En'e, inda harajin kai da jangali ke taruwa bayan sun bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. A wancan tsari kuɗi daga ƙasa suke hawa sama. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau mulki a 1979, a daidai lokacin da arzikin man fetur ya riga ya juya akalar: kuɗi suka koma gangarowa daga sama. Ma'ajin wancan zamani yakan dubi ƙauye ne ya san abin da zai samu. Magajinsa na yau Abuja yake duba.

Abin lura, kundin tsarin mulki na 1999 bai ware wa kwamishinan kuɗi wani babi nasa ba. Sashe na 192 ya ba gwamna ikon naɗa kwamishinoni bisa amincewar majalisar dokokin jiha. Sashe na 120 ya kafa asusun bai-ɗaya na jiha, ya kuma hana cire ko kwabo daga cikinsa sai da dokar majalisa ko abin da kundin da kansa ya tanada. Sashe na 121 gwamna ya ɗora wa nauyin gabatar da kasafi. Ke nan ikon kwamishina aro ne daga gwamna, kuma rigar aro ba ta da tabbas. Ana iya sauke shi da sanarwa guda a rediyo.

Duk da haka, a aikace ma'aikatarsa ce maƙogwaron gwamnati. Kasafin da majalisa ta amince da shi izini ne na kashewa, kuɗin kansu sai sun shigo. Ma'aikatar Lafiya na iya ganin biliyoyi a gaban sunanta a takarda, amma sai an ba da izinin sakin kuɗi, Akanta-Janar ya biya, kafin ɗan kwangila ya sauke bulo ɗaya. A wannan rata da ke tsakanin amincewa da saki siyasar kuɗi take zaune. Albashi, fansho, biyan bashi, kason da jiha za ta zuba kafin ta karɓi tallafin ilimin bai-ɗaya daga tarayya, titin da gwamna ya yi alkawari a Jahun ko Birnin Kudu, duk a layi ɗaya suke, kuma wani ne zai jera su.

Me yake iya sauyawa a Abuja? Kaɗan ne ƙwarai. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na jihohi masu man fetur, tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kason jihohin kuma ana raba shi da ma'auni sananne: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma goma-goma bisa faɗin ƙasa, ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida. Aikin kwamishina a zauren shi ne sa ido kan abin da ake cirewa kafin a raba, musamman daga ɓangaren kamfanin mai na ƙasa, inda aka sha tashi daga zama ba a cimma matsaya ba.

A gida ma hannunsa ba ya kaiwa ko'ina. Arzikin Jigawa na gona ne da kasuwa: riɗi, zoɓo, shinkafar fadamar Haɗeja, dabbobin Maigatari, hatsin Gujungu da Shuwarin. Dukiya ce mai yawa, sai dai tana yawo ne hannu da hannu, ba rasit ba rajista. Harajin da ya fi sauƙin kamawa shi ne wanda ake yanka daga albashi, kuma babban mai biyan albashi a jihar gwamnati ce. Wato wani ɓangare na abin da ake kira kuɗin shiga na cikin gida, kuɗin Abuja ne da suka zaga suka dawo.

Shekarar 2015 ce ta gwada kujerar. Farashin mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan albashi har tarayya ta kai musu ɗauki. A lokacin ne Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, wanda jama'a suka laƙaba wa Mai Kalkuleta saboda ƙididdigarsa, ya ɗauko Malam Umar Namadi, ƙwararren akanta ɗan Kafin Hausa, ya ba shi Ma'aikatar Kuɗi. Jigawa ta fita daga wannan matsi ba ta cikin jihohin da suka tara bashin albashi na watanni. Ba hikimar mutum ɗaya ba ce: jihar ta gaji tsarin fansho na karo-karo tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, da hukumar tantance kwangiloli da ta yi ƙarfi a zamanin Gwamna Sule Lamido. Amma abin da ya biyo baya ya nuna nauyin kujerar, domin Namadi ya zama mataimakin gwamna a 2019, ya zama gwamna a 2023. Wanda ya riƙe littafin biya shekara huɗu ya san kowace ma'aikata ciki da bai.

Akwai inda ya kamata a yi wa wannan tarihi tambaya. Alƙaluman ofishin kula da basussuka na ƙasa sun nuna Jigawa ce mafi ƙarancin bashin cikin gida a 2024, abin da ake yawan yabawa. Amma binciken talauci mai fuskoki da yawa na hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 ya sa ta cikin jihohin da suka fi shan wuya. Littafi mai tsafta bai isa shaida ba idan aji ba malami, asibiti ba magani. A ganin mai wannan nazari, tsantseni ya dace da shekarun fari, amma ma'aunin ya sauya tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kason jihohi ya kumbura, ko da yake faɗuwar naira ta cinye wani ɓangare nasa.

Abubuwa biyu na kan teburin yanzu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, hukuncin da ya taɓa asusun haɗin gwiwa da kuɗin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ke bi. Sannan sababbin dokokin haraji na 2025 sun ɗaga kason jihohi a harajin sayen kaya daga kashi 50 zuwa 55, tare da ware kashi 30 na rabon bisa inda aka yi amfani da kayan. Buhun geron Gujungu ba ya cikin wannan lissafi, domin ba a ɗora wa abincin yau da kullum harajin. Katin waya da siminti da kuɗin hidimar banki su ne a ciki, kuma sai Dutse ta tabbatar an rubuta su da sunan Jigawa, ba da sunan Legas inda hedikwatar kamfanonin take ba.