Wasannin bidiyo da marubuta: Ina iyakar aro da satar fasaha?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana tasowa tsakanin marubuta littattafan ƙagaggun labarai da kamfanonin da ke shirya wasannin bidiyo.

Idan marubuci ya yi dabarar haɗa taurarin labarai biyu ko fiye a cikin labari guda, daga baya kuma wani kamfani ya fito da wasan da aka gina a kan irin wannan haɗi, shin kamfanin ya yi satar fasaha ke nan?

Hukunce-hukuncen da kotunan Amurka da Birtaniya suka yanke a kan batutuwa makamantan wannan na nuna cewa amsar ita ce a'a, muddin dabarar kaɗai aka ɗauka. Sai dai akwai iyakokin da idan aka tsallake su, aro kan koma laifi.

Mece ce dabarar haɗa taurari?

Dabara ce ta ɗauko tauraro daga labarin wani marubuci, a gama shi da tauraron wani labarin na daban, ko kuma a kai shi wata duniyar da ba tasa ba.

Dabarar ta girmi wasannin bidiyo nesa ba kusa ba.

A shekarar 1906, marubucin nan na Faransa, Maurice Leblanc, ya sanya shahararren mai binciken laifuka Sherlock Holmes a cikin labarin ɓarawonsa mai suna Arsène Lupin. Wanda ya ƙago Holmes, wato Arthur Conan Doyle na Birtaniya, bai amince ba, abin da ya sa aka juya sunan ya koma Herlock Sholmes.

A 1972, Ba'amurke Philip José Farmer ya wallafa littafin Tarzan Alive, inda ya ƙaga cewa Tarzan da Holmes da wasu taurari da dama duk dangin juna ne, kuma kakanninsu na wurin lokacin da wani dutse ya faɗo daga sama a kusa da ƙauyen Wold Newton na Ingila a 1795.

A 1999 kuma, Alan Moore da mai zane Kevin O'Neill suka fara jerin littattafan zane na The League of Extraordinary Gentlemen, waɗanda suka tara taurarin labaran zamanin Sarauniya Victoria a ƙungiya guda.

A wannan shekarar ce kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Smash Bros., wasan da ya gwabza taurarin wasanninsa daban-daban da juna.

Akwai misalin da littafi da wasa suka haɗu a kan dabara guda?

Akwai. A 2003 an wallafa wani kundin gajerun labarai mai suna Shadows Over Baker Street, wanda duk labaran cikinsa suka haɗa Sherlock Holmes da dodannin da marubucin Amurka H.P. Lovecraft ya ƙago.

Ɗaya daga cikinsu, A Study in Emerald na Neil Gaiman, ya samu lambar yabo ta Hugo a 2004.

A 2006 sai kamfanin Frogwares, mai ɗakin aiki a birnin Kiev na Yukren, ya fitar da wasan Sherlock Holmes: The Awakened, wanda shi ma ya haɗa Holmes da duniyar Lovecraft. An sake sabunta wasan a 2023.

Haɗin iri ɗaya ne, amma abin da aka yi da shi ya sha bamban.

A labarin Gaiman, dodannin sun riga sun ci duniya da yaƙi, su ne ma sarakunan Turai. A wasan kuwa, duniya tana yadda aka san ta, Holmes na bin sawun wata ƙungiyar asiri da ke sace mutane, binciken da ya kai shi daga Landan zuwa Suwizalan da birnin New Orleans na Amurka.

Wannan bambanci shi ne abin da doka ke dubawa.

Me doka ta ce?

Ƙa'idar ita ce: haƙƙin mallaka yana kare yadda aka sarrafa dabara, wato kalmomi da zane da tsarin labari filla-filla, ita kuwa dabarar tana nan a buɗe ga kowa.

Kotun Ƙolin Amurka ta kafa tushen wannan ƙa'ida a shari'ar Baker da Selden ta 1879, wadda aka yi a kan wani tsarin rubuta lissafin kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar ta 1976 ta sanya ta a rubuce a sashe na 102.

Haka kuma sashe na 9 na yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta hau kan dukkan ƙasashen da ke cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ya tanadi hakan. Najeriya na cikin ƙungiyar tun 1995, kuma dokarta ta haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bi wannan tafarki.

Dalilin ƙa'idar a fili yake. Da a ce wanda ya fara rubuta labarin soyayyar ɗan talaka da 'yar sarki zai iya hana kowa taɓa wannan jigo, da tuni rijiyar adabi ta ƙafe.

Wahalar dai ita ce gano inda dabara ta ƙare, aikin marubuci ya fara. Mai shari'a Learned Hand ya amince a hukuncinsa na shari'ar Nichols da kamfanin Universal a 1930 cewa babu wani tsayayyen layi da ya raba su. Don haka kowace ƙara ana auna ta ne da abin da ke cikinta.

Yaya shari'o'in da aka yi suka ƙare?

Shari'ar da ta fi kusa da batun ita ce ta kamfanin Capcom na Japan da kamfanin MKR, mai haƙƙin fim ɗin Dawn of the Dead na 1978.

MKR ya yi zargin cewa wasan Dead Rising na 2006 ya kwaikwayi fim ɗin, domin a dukkansu mutane ne suka maƙale a wani katafaren rukunin kantuna, gawarwaki masu tafiya suka yi musu ƙawanya.

A 2008 wata kotun tarayya a jihar Kaliforniya ta yi watsi da zargin. Ta ce kamannin da aka nuna sun samo asali ne daga ainihin dabarar, wadda ba mallakar kowa ba ce.

A watan Afrilun 2012, wani marubuci Ba'amurke, John Beiswenger, ya kai kamfanin Ubisoft na Faransa ƙara a jihar Pennsylvania. Ya ce an ɗauko ginshiƙin wasan Assassin's Creed daga littafinsa mai suna Link, wato na'urar da ke bai wa mutum damar ganin abin da kakanninsa suka gani.

Ya nemi diyyar da za ta iya kaiwa dala miliyan 5.25, amma ya janye ƙarar a watan Mayu na shekarar, kafin kotu ta yanke hukunci.

A fagen littattafai ma haka abin yake. A 2006 Babbar Kotun Landan ta kori ƙarar da Michael Baigent da Richard Leigh suka shigar, inda suka ce Dan Brown ya gina The Da Vinci Code a kan littafinsu na 1982. Kotun ta yarda ya amfana da littafin, amma ta ce hakan bai kai ga keta haƙƙin mallaka ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2007.

Ita kanta dabarar haɗa taurari ta taɓa zuwa gaban kotu. A 2003, Larry Cohen da Martin Poll sun nemi diyyar dala miliyan 100 daga kamfanin 20th Century Fox, suna cewa fim ɗin The League of Extraordinary Gentlemen ya kwaikwayi wani rubutun fim nasu mai suna Cast of Characters.

An sasanta a wajen kotu, don haka babu hukuncin da za a kafa hujja da shi. Alan Moore, wanda littafinsa ne asalin fim ɗin, ya nuna ɓacin ransa da sasantawar, domin a ganinsa ta hana shi damar wanke sunansa.

To yaushe aro ke zama laifi?

Hanya ta farko ita ce idan aka wuce dabara aka kwashi aikin kansa.

A 2012 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta samu kamfanin Xio da laifin keta haƙƙin wasan Tetris. Xio ya kare kansa da cewa dokokin wasan kawai ya ɗauka, kuma doka ba ta kare su.

Kotun ta yarda da cewa dokokin wasa na kowa ne. Amma ta ce wasan Xio mai suna Mino ya kwafi siffar tubalan da yanayin launukansu da girman filin wasan, har ya zama da wuya mai kallo ya bambanta su.

Idan aka auna batun marubuci da wannan ma'auni, kamfanin da ya haɗa Holmes da dodannin Lovecraft bai yi laifi ba. Wanda ya ɗauki jerin abubuwan da suka faru a labarin Gaiman ɗaya bayan ɗaya, da zantukan taurarinsa, da yadda ya warware ƙullin labarin, shi ne zai shiga matsala.

Hanya ta biyu ita ce ta su taurarin. Haɗin na kowa ne, amma waɗanda ake haɗawa suna iya kasancewa da masu su.

Wannan ne ya sa wasan Kingdom Hearts na 2002 ya samu ne bisa yarjejeniya tsakanin kamfanin Square da Disney. Haka ma Nintendo sai da ya samu amincewar Sega da Konami kafin taurarinsu Sonic da Solid Snake su bayyana a Super Smash Bros. Brawl a 2008.

Me ya sa ake yawan amfani da tsofaffin taurari?

Saboda haƙƙin mallaka yana da wa'adi. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ta tanadi aƙalla shekara 50 bayan mutuwar marubuci. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai da Najeriya suna bayar da shekara 70.

Da zarar wa'adin ya cika, aikin ya zama gadon kowa, kuma babu buƙatar neman izini.

Conan Doyle ya mutu a 1930, amma a Amurka, inda ake lissafin tsofaffin littattafai daga shekarar wallafa su, wasu labaran Holmes sun ci gaba da samun kariya.

A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Chicago ta yanke hukunci cewa magadansa ba za su iya hana amfani da Holmes na labaran farko ba. Labaran ƙarshe, na 1927, sun fita daga kariya a ranar 1 ga Janairun 2023.

Kafin wannan lokaci, Capcom ya bi sawun Leblanc. A wasansa na The Great Ace Attorney, wanda ya fita a Japan a 2015, sunan mai binciken Sherlock Holmes ne. Da aka fitar da shi da Turanci a 2021, sai ya koma Herlock Sholmes.

Shin abin da doka ta halatta ya kuɓuta daga zargi?

Ba lallai ba ne, domin keta haƙƙin mallaka daban, satar fasaha daban.

Na farko batu ne na kotu da diyya. Na biyu batu ne na amana, wato mutum ya gabatar da tunanin wani a matsayin nasa ba tare da ambaton mai shi ba. Ɗalibin da ya kwafi littafin da marubucinsa ya mutu shekara 200 da suka wuce bai keta doka ba, amma jami'a za ta hukunta shi.

Muhawarar ba baƙuwa ba ce ga masana adabin Larabci, waɗanda suka ware babi guda a kan satar da mawaƙa ke yi wa juna. Al-Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, yana ganin ma'anoni abu ne da kowa ke iya samu, gwaninta kuwa tana cikin zaɓen lafazi da ƙira.

A zamanin nan kuma, Cibiyar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abu ne da Shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta shi ba.

A ɓangaren amana, tambayoyi biyu ne ke da muhimmanci: shin masu wasan sun san aikin marubucin, kuma shin dabarar tasa ce shi kaɗai?

Tambaya ta biyu ita ce ke yawan raunana masu zargi. Haɗa Holmes da makashin nan na Landan da ake kira Jack the Ripper, alal misali, an yi shi a fim a 1965 da kuma 1979, kafin Frogwares ya mai da shi wasa a 2009. Idan taurari biyu sun shahara kuma sun fito daga zamani guda, ba abin mamaki ba ne mutane da dama su yi tunanin gama su ba tare da wani ya ga aikin wani ba.

Wace kariya ta rage wa marubuci?

Babbar kariyarsa ita ce abin da ya ƙaga da kansa, da kuma yarjejeniyar da ya sanya wa hannu.

Kamfanin da ke son taurarin marubuci da duniyarsa dole ne ya sayi izini. Haka aka yi da wasan The Wolf Among Us na 2013, wanda aka gina a kan littattafan zane na Fables, inda taurarin tatsuniyoyin Turai ke zaune a birnin New York.

Ko a nan ma akan samu saɓani a kan kuɗi. Marubucin Poland Andrzej Sapkowski ya sayar wa kamfanin CD Projekt izinin yin wasa da labaransa na The Witcher a kan kuɗi dunƙule, maimakon kaso daga ribar da za a samu.

Bayan wasannin sun yi kasuwa a duniya, ya nemi ƙarin kuɗin Poland zuloti miliyan 60 a 2018. Ɓangarorin biyu sun sanar da sabuwar yarjejeniya a watan Disambar 2019, ba tare da bayyana adadin abin da aka biya shi ba.