Baƙin babban hutu: inda al'adar ta samo asali, da abin da na koya a cikinta

Duk shekara in an rufe lakwal a ƙarshen watan Yuni, sai iyaye su tare ni bakin ƙofa da tambaya guda: "Mushe, mi za mu yi da yaran nan har watan Oktoba?" Na ƙauye ba su da wannan damuwa, gona tana jiransu. Na birni kuwa, wata uku ne na zaman fada, shayi da waya. Tambayar takan tuna mini hutu biyu da na yi ina aiki da matasan Kirista ƴan Amurka masu zuwa aikin mishan na ƴan makwanni.

A 2001 ne, ina makarantar horon malamai. Wani abokina Kirista ya ce ana neman tafinta mai jin Hausa da Faransanci da ɗan Ingilishi. Lokacin ba mai daɗi ba ne, don a watan Nuwamba na 2000 an yi tarzoma a Maraɗi kan bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, har aka kai wa wuraren Kirista hari. Da na faɗa wa mahaifina, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ka tafi da sallarka, ka dawo da ita. Kuma duk abin da aka ce ka fassara, kada ka ƙara, kada ka rage." Da wannan sharaɗi na kama aikin.

Daga baya ne na bi diddigin al'adar, na tarar tun tushe da hutun ɗalibai aka ɗaure ta. A watan Yuli na 1886, mai wa'azi Dwight Moody ya tara ɗaliban jami'a sama da 200 a wani wuri da ake kira Mount Hermon a Amurka. Kafin a watse, 100 daga cikinsu sun yi alkawarin zama ƴan mishan a ƙasashen waje. Sai dai tafiyar wancan zamani ta rai da rai ce. A watan Disamba na 1893, samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Sudan, wato yankinmu. Cikin shekara guda ciwo ya kashe Gowans da Kent. Bingham da ya tsira shi ya ci gaba da ƙungiyar da muka sani da SIM, wadda ta iso Damagaram a 1924, ta zauna Tsibiri bayan ƴan shekaru, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Waɗannan mutane sun koyi Hausa, sun tsufa cikinmu, wasu a nan aka rufe su.

Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya sake kama. A hutun 1957 wani ɗalibi, George Verwer, ya ɗauki abokansa biyu da mota cike da littattafan Linjila suka nufi Meksiko, suka koma makaranta da hutu ya ƙare. Daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta tsiro. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission bisa irin wannan tunani: ba sai matashi ya yi shekaru yana karatun addini ba kafin a aike shi. Jiragen sama masu sauri sun fara jigilar fasinja a daidai wannan lokaci, tafiyar da ake yi cikin makwanni a teku ta koma ta kwana guda. Ita ma gwamnatin Amurka ta kafa nata tsarin na ƴan sa-kai da ba na addini ba, Peace Corps, a 1961. Sun iso Nijar a 1962, sun kwashe kayansu a watan Janairu na 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai.

Akwai kuma reshen da ya tsaya cikin Amurka kanta, don su ma suna da talakawansu. A 1969 wani fasto, Tex Evans, ya tara matasa da manya 50 a jihar Kentaki, suka gyara gidaje huɗu na marasa hali. Aikin ya ɗore da sunan Appalachia Service Project. A irin waɗannan ƙungiyoyi ne matsayin ma'aikacin hutu ya kafu. Majami'u suna aiko yara ƴan kolej da lise rukuni rukuni, kowane rukuni mako guda, su kwana a ƙasa cikin ajin makaranta ko zauren majami'a. Dole a samu wanda zai zauna hutun gaba ɗaya, ya tarbi waɗannan ya sallami waɗancan. Sai aka riƙa ɗaukar ɗaliban jami'a, a ba su horo na ƴan kwanaki da ɗan abin hasafi, a damƙa musu abinci, kuɗi, kayan aiki, mota da ran ƴaƴan mutane. Abin ya bunƙasa har masanin zamantakewa Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa a tsakiyar shekarun 2000, Amurkawa wajen miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan gajeriyar tafiya zuwa ƙasashen waje kowace shekara.

Irin wannan ma'aikaciya na tarar. Budurwa ce sa'ata, shekarunta 21. Ita ke tashi tun asuba ta tace ruwan sha, ta tabbatar kowa ya haɗiye maganin zazzaɓin sauro, ta ƙidaya kawuna kafin mota ta tashi da kuma bayan ta dawo. Da dare, in an gama addu'o'insu da waƙoƙinsu, sai ta buɗe kaye ta rubuta ko dala nawa aka kashe. Wata rana jika biyu suka ɓace a lissafi, ba ta kwanta ba sai da ta gano kuɗin gawayi ne da ba a rubuta ba. Ni da nake shirin riƙe aji, ba a taɓa damƙa mini ko makullin kabad ba. A wurinta na ga yadda amana take girmar da yaro.

Na ga kuma inda abin yake da rauni. A wani ƙauye an sa yaran su yi wa aji biyu yaɓe da fenti. Sun yi kwana shida suna fama, rana na dukansu, hannuwa duk kanta. Maginin garin yana zaune gindin bedi yana kallo. Ran da za mu tafi ya ja ni gefe ya ce: "Ɗana, ka tambayar mini su, kuɗin jirgin mutum ɗaya aji nawa zai gina?" Na tuna sharaɗin mahaifina, na fassara yadda ya faɗa. Aka yi tsit. Bayan tafiyarsu, shi aka kira ya kankare yaɓen ya sake. Ashe tambayarsa ta dami masana can ma. Bayan guguwar Mitch ta 1998, Kurt Ver Beek ya yi bincike a ƙasar Honduras kan gidajen da aka gina wa waɗanda abin ya shafa, ya wallafa a 2006. Ya tarar gidan da baƙi suka zo suka gina ya ci kuɗi ninki da yawa a kan wanda ƙungiyoyin ƙasar suka gina da magina na gida, kuma masu gidajen ba su ga wani bambanci ba. A 2009 wasu Kirista biyu, Steve Corbett da Brian Fikkert, suka fitar da littafi sukutum kan yadda taimako yake iya cutar da wanda aka taimaka.

Mu mutanen Maraɗi muna da abin gwadawa. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya zo da SIM a farkon shekarun 1980. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya gane cewa kututturan da ke gonakinmu suna da rai, sassabe mai kyau kawai suke so. Manoma suka karɓi dabarar suka yaɗa ta, yau ga itatuwa sun dawo cikin gonaki. Sai da ya yi shekaru yana kuskure yana sauraron manoma kafin ya kai ga wannan. Mako biyu ba ya ba da irin wannan sani.

Batun addini kuwa, ba su ɓoye ba, wa'azi yana cikin abin da ya kawo su. Da yamma sukan tara yara su ba su labarun Littafi Mai Tsarki. Na roƙi a riƙa sanar da iyaye tukuna, wanda ya yarda ya turo ɗansa, wanda bai yarda ba a ƙyale shi, kuma aka yi hakan. Sun girmama sallata, na girmama addu'arsu. Wanda ya ga majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015 ya san irin tsadar wannan mutunci. Shawarata ga iyaye ita ce, duk ƙungiyar da ta zo da shiri don yara, ta Kirista ce ko ta Musulmi ko ta gwamnati, a tambaye ta: wa ke da alhakin yaran, mi za a koya musu, wa zai ci gaba da aikin in an tafi?

Da na auna duka, na ga mafi yawan ribar tafiyar tana komawa gida tare da masu tafiyar, musamman ma'aikatan hutun. Majami'unsu sun samu hanyar horar da shugabannin gobe da kuɗi kaɗan. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Muna da gayya tun kaka da kakanni, muna da samariya da Seyni Kountché ya farfaɗo da ita bayan 1974, inda samari ke gyara hanya da gina aji ƙarƙashin sarkin samari. Abin da muka bari ya suɓuce shi ne ba matashi amana ta gaskiya tare da bin sawunsa.

Shi ya sa tun shekaru huɗu da suka wuce, in hutu ya zo, nakan kira tsoffin ɗalibaina biyar da suka kai lise. Su ke koya wa ƙannensu karatu da safe kwana huɗu a mako, su ke gyaran teburan da suka karye tare da kafintan unguwa, wanda muke biyansa daga gudummawar iyaye. Ɗaya ke riƙe kuɗi, ɗaya ke riƙe makulli, ran Alhamis su kawo mini kaye mu duba tare. Bara an samu giɓin dala ɗari, mai riƙon kuɗin ya yi kwana biyu yana bi har ya gano wajen mai ƙusa aka manta canji. Bana iyaye 12 sun riga sun rubuta sunayen ƴaƴansu, kuma akwai sauran wuri ga malamin da ke son ya gwada a tasa makarantar.