Rangadin Bishop: Biki ne ko Bincike?

Dokar Cocin Katolika, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983, ta wajabta wa kowane bishop a sashe na 396 ya riƙa zagaya yankinsa duk shekara, ko duka ko wani ɓangare, ta yadda shekara biyar ba za ta cika ba sai ya taka ko'ina. Wannan farilla ta daɗe, domin a 1563 Majalisar Tarento ta ce a gama zagayen cikin shekara ɗaya, ko biyu idan ƙasar na da faɗi, kuma Bishop Carlo Borromeo na Milan ya bi umarnin har cikin kwazazzaban duwatsun Suwizalan. Hujjata ita ce an kafa wannan ziyara ne domin bincike da sauraro, kuma duk sa'ad da ta tsaya a kan tarba da rawa da jawabin maraba a babban cocin gari, to an cika harafin doka an bar manufarta.

Dokar da kanta ta ba da shaida. Sashe na 535 ya ce idan bishop ya zo, a shimfiɗa masa littattafan rajistar baftisma da na aure da na mamata ya duba. Mai karatu da idon basira zai ga abubuwa da yawa a waɗannan shafuka: ƙauyen da aka daina rubuta sunayen jariransa tun bara, ko auren da aka ɗaura ba a shigar ba. Layin da ya yanke a littafi yakan nuna jama'a sun yi ƙaura, ko fada ya daina zuwa. A karkarar Katsina da Zamfara, inda fada ɗaya ke riƙe da ƙananan majami'u barkatai, katikis ne ke jan sujadar Lahadi, shi ke koya wa yara, sau da yawa shi ke binne gawa. Shi ya san wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa. Bishop ɗin da bai zauna da shi a kan tabarma ba, labarin da aka tace kawai zai koma da shi.

Wani zai ce ziyarar nauyi ce a kan talaka, tunda da kuɗin baikonsa ake yanka rago, a ɗinka anko, a sayi man mota. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ban ga dalilin rufe shi ba. Sai dai laifin na masu shirya bikin ne, domin sashe na 398 ya gargaɗi bishop kada ya ɗora wa kowa kashe kuɗin da ba dole ba. Masu cewa waya ta wadatar kuwa sun manta cewa wanda ake ƙorafi a kansa shi ne galibi mai ɗaga wayar.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na nisa da tsaro. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya kama aiki a Sakkwato a 2011, ya gaji yankin da ya miƙe daga Kabi har Katsina. Daga Sakkwato zuwa Malumfashi tafiya ce ta fiye da kilomita 300, ta Gusau da Funtuwa, hanyar da matafiya ke bi zuciya a hannu. A Malumfashin ne, a watan Mayun 2021, 'yan bindiga suka kashe fada ɗaya suka sace wani. Ba za a ce wa mutum ya jefa kansa halaka ba, shi ya sa dokar ta yarda bishop ya tura wakili idan uzuri ya kama. Amma wakilci rangwame ne na lalura, kuma ƙauyen da ya fi wuyar shiga shi ne ya fi bukatar a gan shi. Saboda haka nake ganin Fafaroma Francis ya yi daidai da ya yanke Katsina ta zama yanki mai cin gashin kansa a 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Yanzu Malumfashi da Kafur suna cikin tafiyar da za a yi daga Katsina a dawo a yini guda, kuma hujjar nisa ta faɗi.