Jera Ayyuka a Manyan Na'urori Masu Ƙwaƙwalwa: Tarihin Kurakurai da Gyaransu

A shekarar 1964, watau shekarar da aka soma aikin madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, kamfanin IBM na Amurka ya ba da sanarwar wasu manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ya raɗa wa suna System/360. Madatsar ta kammala a 1968, tafki ya cika, mutanen gaɓa na ƙasar Yawuri da Bargu suka koma sababbin matsuguni. Su kuwa na'urorin nan, jikokinsu na nan har yau cikin ɗakunan sanyi na manyan bankuna, suna lissafin kuɗin jama'a da dare sa'ad da kowa ke barci.

Matsalar da aka fara cin karo da ita game da irin wannan na'ura ita ce ta layi. Na'ura ɗaya ce, mai ɗan karen tsada, masu bukatarta kuwa ɗaruruwa. Da farko kowane masani yakan nemi a ba shi sa'o'insa, ya zo da katunansa masu huda, ya yi ta fama shi kaɗai, na'urar na zaune banza duk lokacin da yake tunani. A 1956 kamfanonin General Motors da North American Aviation suka haɗa kai suka rubuta wani tsari domin na'urar IBM 704, wanda ke karɓar ayyuka dami guda ya riƙa gudanar da su ɗaya bayan ɗaya ba tare da jiran mutum ba. Daga nan ne aka sami abin da ake kira mai jera ayyuka. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar jiragen ruwa ta Yawuri ran kasuwa, ya ga kwale-kwalen Ngaski da na Shanga sun taru kowa na son sauke kaya, ya riga ya san aikinsa: shi ne sarkin jirgi, mai cewa wane ya matso, wane ya dakata.

Kuskure mafi sauƙin ganewa shi ne wanda aiki ya mutu a fili. Tsarin gudanarwa na OS/360 da magadansa sukan buga lamba su faɗi dalili. Alal misali, S806 na nufin an nemi wani shiri ba a same shi ba, S322 kuwa na nufin aikin ya cinye lokacin da aka ɗibar masa. Idan lambar ba ta wadatar ba, sai na'ura ta amayar da dukan abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a kan takarda, masani ya zauna da fensir yana bin lambobi har ya gano inda aka yi tuntuɓe. Aiki ne mai cin rai, amma aƙalla gawar tana gabansa. Harshen da ake rubuta umurnin jerawa da shi, wanda ake kira JCL, shi kansa ya haifar da kurakurai masu yawa, gama a cikinsa akwai sharaɗin da ake karantawa a baibai: in ya cika, sai a tsallake matakin maimakon a yi shi. Fred Brooks, wanda ya shugabanci aikin OS/360, ya amsa da bakinsa daga baya cewa ba a taɓa ƙaga harshen na'ura mafi muni da wannan ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne inda babu abin da ya mutu. Akwai labarin da littattafan koyarwa ke bayarwa, cewa da aka zo rufe na'urar IBM 7094 ta jami'ar MIT a 1973, an tarar da wani ƙaramin aiki da aka shigar tun 1967 yana nan yana jira, domin kullum sai wani mai muhimmanci ya sha gabansa. Ko da labarin ƙari ne, cutar gaskiya ce, maganinta kuwa shi ne a riƙa ɗaga darajar aiki gwargwadon daɗewarsa a layi. Akwai kuma cijewa, kamar masunta biyu, ɗaya ya riƙe kwale-kwale yana jiran taru, ɗaya ya riƙe taru yana jiran kwale-kwale, rana ta faɗi ba wanda ya shiga ruwa. Edsger Dijkstra, mutumin ƙasar Holan, ya yi nazarin wannan a tsakiyar shekarun 1960, sa'an nan a 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka bayyana sharuɗɗa huɗu waɗanda sai sun haɗu cijewa ke aukuwa. Amma a ɗakin na'ura, galibi ma'aikacin dare ne ke duba wa ke riƙe da me, ya kashe aiki ɗaya domin ɗayan ya wuce.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in an gwada su da abin da ya sami rukunin bankunan RBS na Birtaniya, wanda ya ƙunshi NatWest da Ulster Bank, a watan Yuni na 2012. Banki yakan tara hada-hadar yini ya daidaita ta da dare cikin ayyuka dubbai, kowanne na dogara da wanda ya gabace shi. Ba a lissafa ragowar asusu sai an shigar da albashi, ba a buɗe littafin gobe sai an rufe na yau. Ran Lahadi 17 ga Yuni ma'aikata suka sabunta shirin da ke jera waɗannan ayyuka. Da suka ga alamun tangarɗa, ran Talata 19 ga wata suka yanke shawarar komawa kan tsohon. A ido wannan ita ce hanya mafi aminci. Abin da ba su sani ba, domin ba a taɓa gwada komawar ba, shi ne sabon da tsohon ba sa jituwa. Ayyuka masu yawa ba su bayyana cikin layin wannan dare ba.

To, a nan ne aka ga bambancin gyaran aiki guda da gyaran jeri. Babu shirin lissafi ko ɗaya da ya lalace, kuɗin kowa yana nan. Abin da ya ɓace shi ne tsarin wa ke bin wa, sai da ma'aikata suka riƙa mayar da ayyukan da hannu. Kafin su gama na daren Talata, na Laraba ya iso, na Alhamis ya hau kansa. Mutane fiye da miliyan 6.5 abin ya shafa. Albashi bai shiga ba, cinikin gidaje ya tsaya, har bankin ya buɗe rassansa ran Lahadi domin mutane su sami na cefane. RBS da NatWest sun farfaɗo cikin kwanaki, amma Ulster Bank, wanda ayyukansa ke bayan nasu a jeri, bai daidaita ba sai wajen tsakiyar Yuli. Wanda ke ƙarshen layi shi ya fi kowa shan wuya, alhali kuwa ba daga gare shi kuskuren ya taso ba.

Shugaban rukunin na lokacin, Stephen Hester, ya yafe ladan ƙarin da ya kamata a ba shi a wannan shekara. A watan Nuwamba na 2014 hukumomi biyu masu lura da harkar kuɗi a Birtaniya suka ci bankunan tarar fam miliyan 56, ɗaya miliyan 42, ɗaya miliyan 14. Abin lura cikin hukuncin shi ne ba su ɗora laifin a kan ƙarancin kuɗin da aka kashe wa na'urori ba. Sun ɗora shi a kan rashin gwajin da ya dace kafin a taɓa shirin, da kuma rashin tsarin gane haɗari tun kafin ya auku. A wannan watan ne kuma Babban Bankin Ailan ya ci Ulster Bank tasa tarar, yuro miliyan 3.5, saboda kimanin mutum 600,000 da suka yi kwana 28 ba su sami cikakkiyar hidimar banki ba.